Yadda Na Zama Kayan Jami'a

Jama'a, a kwance nake rubuto muku wannan, rigingine a kan benci, domin bayana ya ce shi dai yau ya tashi daga aiki.

Ni mai faci ne, ba na gaggawa, ba na rigima. Ƙanena kuwa, Auta, shi Allah ya ba ƙwaƙwalwar gidanmu, yana karatun lauya. Shan inna ta taɓa shi tun yana goye, da keken guragu yake yawo. Jarrabawarsa ta ƙarshe jibi ce, an kuma sa ta a zauren da ke can ƙololuwar bene. In bai rubuta ba, sai ya maimaita shekara. Abin da yake roƙo kawai a sauko masa da takardarsa wani ɗaki a ƙasa.

Aka ce akwai ofishin masu buƙata ta musamman. Na ce madalla, mai nema yana tare da samu. Na rufe rumfa, na tura shi muka tafi.

Ofishin yana hawa na sama, kusa da tankin ruwa. Allah ya ƙara wa wanda ya zaɓi wurin basira, ko ba komai akwai iska. Akwai lif, na'urar hawa bene, amma da muka buɗe sai muka tarar da tsintsiyoyi da bokiti, da wata mai shara tana hutawa a ciki. Akwai kuma gangaren siminti da aka yi domin kekuna, sabo fil, an zagaye shi da sarƙa da kwaɗo. Mai gadi ya ce ba a buɗe shi ba tukuna, ana jiran wani babba ya zo ya yanke ƙyalle, kada a tattake shi kafin ranar hoto.

Na ce bari in hau in kai saƙon. Masinjan ofishin ya tare ni a gindin bene, ya ce doka ce mai buƙata ya bayyana da ƙafarsa.

Auta ya ce, "Da wacce daga ciki?"

Na ce, "Yi haƙuri, hau." Na goya shi. Muna hawa yana ce mini, "Yaya, a hankali a kwana, direban nan ba ka da lasisi." Ni ko numfashin amsawa ba ni da shi.

Muka iske shugaban ofishin, Mai Girma Uban Tausayi, Garkuwan Raunana, yana juyi a kujera. Na sauke Auta a kan benci, muka gaishe shi. Ya ƙare masa kallo ta saman tabarau.

"To ni ban ga nakasa ba. Ga yaro zaune lafiya lau. Ina keken?"

"Ranka ya daɗe, yana ƙasa."

"Gani ya kori ji."

Na sauka, na ɗauko keken a ka, na sake hawowa. Yallaɓai ya murza tayar da yatsa, ya gamsu. Sai ya jingina, ya yi murmushi irin na wanda ya kama ɓarawo.

"Amma fa, samari, ga ka nan ka hawo. Wanda ya iso ofishina, zauren jarrabawa zai gagare shi?"

Auta ya ce, "Yallaɓai, yayana ne ya goyo ni."

"Ah! Ashe kana da abin hawa, kake ɓoye wa hukuma!"

Auta ya sake ɓullowa ta wata hanya. Ya ce akwai ɗaki a ƙasa kusa da ƙofa, kullum a rufe, ko rabin yini aka ba shi ya isa. Yallaɓai ya dafe ƙirji. Wai wannan ɗakin taron kwamitin masu buƙata ta musamman ne, kuma ba a taɓa shi, domin 'yan kwamitin dattawa ne, gwiwoyinsu ba sa son bene.

Daga nan ya yanke hukunci, cikin tausayi: jami'a ta amince wa Auta da sauƙi na musamman, wato ni. Na ce to, da sandar da ke hannunka kake jifa. Sai dai masinja ya tuna masa cewa ranar jarrabawa ba a barin baƙo ya shiga, daga ɗalibi sai ma'aikaci sai kayan jami'a. Ni ba ɗalibi ba, ɗaukar ma'aikata kuma an dakatar.

Aka kira mai kula da sito. Ya zagaye ni, ya ƙwanƙwasa kafaɗata, ya ce da sauran ƙarfi. Ya manna mini lamba a aljihun riga, irin wadda ke jikin fanka da kabad. Ya gargaɗe ni kada in jiƙa, kada kuma a fita da ni daga harabar ba izini. Sai da Auta ya sa hannu cewa arona ya yi, zai dawo da ni jibi da safe ba tsaga ba lanƙwasa, sannan mai gadi ya buɗe mana ƙofa.

Muka kama hanyar gida. Can Auta ya ce, "Yaya, ka yafe ni." Na ce ya bar zancen, ya je ya yi karatu, ni dai kada ya ƙara ƙiba kafin jibi.

Maƙwabcinmu tela da ya ga lambar sai ya ce, "Kai dai ka yi hattara, kayan gwamnati in sun tsufa gwanjonsu ake yi." Ummanmu kuwa ta daɗe tana shafa ta da yatsa, sannan ta ce, "Alhamdulillahi. Ka gudu daga firamare, ga shi Allah ya kai ka jami'a."

Haka ne, Umma. Sauran mutane da jarrabawa suke shiga, ni ta sito aka shigo da ni.