Haƙorin Makka a Kan Katin Inshora

Ranar da kamfanin da nake wa tuƙi a Riyad ya ba mu katin inshorar lafiya, na ƙudura sa haƙorin Makka kafin in je gida hutu. Har abokina Ila, ɗan Maraɗi, na ja zuwa asibitin haƙori a unguwar Malaz don ya shaida.

Ma'aikacin asibitin ya ce in jira amincewar inshora tukuna. Na ɗaga katin, na ce kamfaninmu ba na yara ba ne, likita ya fara kawai. Na sa hannu a takardar da ya miƙo mini ban karanta ba.

Sai da aka kankare lafiyayyen haƙorina ya koma kamar ƙwayar shinkafa sannan amsa ta iso: suna biyan ciwo, ba sa biyan ado.

Zinariya ta fi ƙarfina. Rabin albashina ya tafi a farin murfin da aka rufe haƙorin da shi, sak haƙorin da Allah ya ba ni kyauta.

Ila ya kai labari masauki. Har yau in na yi dariya sai wani ya kare idonsa: "Alhaji, rufe bakin nan, ƙyallin zai makantar da mu!"