Ranar da Na Raba Goron Ƙanena a Auren Wasu

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da aka ɗaura auren ƙanena Habibu, ko da yake da so samu ne da tuni na manta.

Ni haifaffen cikin garin Gaya ne, kuma mu mutanen Gaya muna da wani ciwo: mun yarda garinmu ya girmi kowa. Ka zauna da dattijon Gaya, kafin shayi ya huce ya tuna maka cewa maƙeran da suka fara zama a Kano daga nan suka tashi. Ajingi kuwa ƙanwa muka ɗauke ta, ƙasar gero da gyaɗa, mutanenta ba surutu sai aiki. Mu tsokane su, su yi murmushi su sayar mana da hatsi.

Amaryar 'yar Gafasa ce, can ƙasar Ajingi. Rabona da garin tun ina firamare, lokacin da nake bin Inna ziyara. Abin da na sani shi ne dangar kara, rijiya, da masallacin ƙasa guda ɗaya a gindin tsamiya. Wannan hoton na ajiye a kaina sama da shekara ashirin, ban taɓa zaton ya tsufa ba.

Da safe Baffa, wanda shi ne wakilin ango, ya ce a sa goro da alewa a mota. Na ce, "Haba Baffa, motar ta cika. Ku ba ni, zan riga ku a babur."

Ya ce, "To ka karɓi lambar wayar yayan yarinyar."

Na ce, "Garin da masallacinsa ɗaya, ina zan ɓata?" (Har da dariya na faɗa, Allah ya yafe min.)

Kun dai san goron ɗaurin aure mutuncin gida ne. In dangin ango suka zauna hannu rabbana, maganar za ta bi su har jikoki.

Da na shiga Gafasa sai da na tsaya na sake tambayar wani mai shanu ko nan ne. Gidajen bulo sun tsallaka inda na san gonaki. Ga tankin ruwa a sama da farantan sola suna ƙyalli, ga shagon cajin waya, ga adaidaita sahu ana loda mata buhunan gyaɗa. Wallahi abin ya burge ni ƙwarai. Ina can ina taƙama da tarihi, ashe mutane suna nan suna gini.

Amma girman kai ba ya mutuwa a rana ɗaya. Na hango tsamiyata, na hango taro a ƙofar masallaci, manyan riguna da ƙamshin turare. Ina isa na ji an shafa fatiha. Na ce shi ke nan, su Baffa sun biyo wata hanya sun riga ni, an ɗaura ba goro! Na kwance jakar goron a guje, na kutsa cikin jama'a ina "Gafara dai, dangin ango ne," na danƙa wa maroƙi. Kafin ka ce kwabo goro ya zaga sahu, ni ma ina taya rabo, ina ta "Mun gode, mun gode."

Sai maroƙin ya ɗaga murya: "Jama'a a shaida, an ɗaura auren Malam Isiyaku da Hadiza!"

Na ce a raina, wane ne kuma Isiyaku? Na duba hagu, na duba dama, ko hula ɗaya ban sani ba. A daidai nan wayata ta yi ƙara. Baffa ne. "Kana ina ne? Muna masallacin sabuwar unguwa, liman ya zauna, kai kaɗai ake jira."

Ƙasa ta ƙi tsagewa in shige. Na tsaya riƙe da jaka, ba komai ciki sai ganyen goro da alewa uku.

Wani dattijo mai farin gemu, wanda ashe shi ne uban Hadiza, ya matso ya ce, "Samari, daga ina?"

Na ce, "Daga Gaya, Baba." Muryata kamar ta sauro. Na zayyana masa komai.

Na jira dariya, don da a ƙofar gidanmu ne da an yi shekara ana yi. Shi kuwa sai ya gyaɗa kai ya ce, "Masallacin da ka sani shi ne wannan, ba ka ɓata ba. Ya dai samu ƙanne ne bayan tafiyarka." Ya juya ga jama'a: "Kun ci goron mutane, hakkin shaida ya hau kanku. Ku tashi."

Goron da dangin Isiyaku suka kawo ba a ko taɓa shi ba, saboda nawa ya riga shi. Dattijon ya nemi izininsu, ya sa aka ɗora min a babur. Haka muka ratsa gari, ina tura babur a gaba, jama'ar wani aure tana biye da ni a ƙafa. Ban taɓa ganin irin wannan ba, har ƙwalla na ji.

Da Baffa ya hango mu sai ya miƙe tsaye. Ya ce, "Kai, ina ka samo wannan jama'a haka?"

Dattijon ya riga ni: "Ɗanku ya gayyato mu, Alhaji. Da goro ma ya gayyace mu." Haka ya rufa min asiri.

An ɗaura auren Habibu, masallaci ya cika har waje. Asirina bai tonu ba sai bayan la'asar, kuma ni da bakina na tona.

Abin da na koya shi ne, in ka daɗe rabonka da gari, ka shige shi da sallama irin ta baƙo, ka kuma karɓi lambar yayan yarinya. Har yau duk auren da za a ɗaura a gindin tsamiyar nan sai an aiko min da kati, an rubuta a ƙasa da biro: "A taho da goro."