Rasuwar Agogon da Ke Fitar da Ni Unguwa

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya, ni Kakar Yara nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar agogon hannuna, mai auna bugun zuciya da hawan jini. Ya cika ranar Talata a kan teburin mai gyara, cikinsa a buɗe.

Shi marigayin, 'yata ce ta ɗaura mini shi bayan na zame a banɗaki. Da farko ba mu shirya ba. Ɗan tsegumi ne, ya fi ni ma. In na daɗe a sujada sai ya buga wa 'yata a wurin aiki wai na faɗi. Takardar da yake turawa asibiti kuwa, na'urarsu ba ta taɓa buɗe ta ba, sai nas ta sake auna ni da hannu.

Amma Allah ya sani mai zumunci ne. In zama ya yi yawa sai ya ce "ƙirr, ƙirr", wato in tashi in taka. Da wannan ƙirr ɗin nake wuce 'yata a bakin ƙofa, ba ta da ta cewa tunda umarnin likita ne. Da shi na taka har gidan matar tela na ji dalilin da ya sa ƙanwarta ta daina gaishe ta.

Jinyarsa ta fara ne da kumburin batir, saboda wutar nan mai zuwa da fushi ta tafi ba sallama. Mai gyara ya ce kayan cikinsa sai an aiko daga inda aka haife shi.

Ya bar caja ɗaya, da kwali, da ɗan littafin bayani cikin yaren da ko surukina mai gilashi bai iya ba. Ya kuma bar ni. 'Yata ta ce ba agogo, ba fita, in na faɗi a hanya wa zai gaya mata? Na ce mutane. Ta ce mutanen nawa sai sun gama ba da labarin kafin su ɗaga ni.

Za a binne shi gobe da hantsi a aljihun tebur, kusa da tsofaffin wayoyi. Masu ta'aziyya su zagayo ta baya, wajen tagar ɗakina, su ɗaga murya. Yanzun nan 'yata ta kulle ƙofa ta tafi aiki da makulli.