Rasuwar Kujera Mai Leda

Da zuciya mai cike da baƙin cikin da ba ta saba nunawa ba, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar doguwar kujerar falonmu, koriya, mai cin mutum uku, wadda kowa ya sani da Mai Leda. Ta rasu ranar Talata da hantsi, tana da shekara talatin da ɗaya. Ni ne ajalinta.

Marigayiya ta shigo gidan nan ina aji ɗaya. Baba ne ya sayo ta, kuma tun ranar ba a cire ledar da aka naɗo ta da ita ba. In ana zafi ta manne wa mutum a cinya. In ka zauna ta ce ƙiiƙ, in ka tashi ta ce fuu. Ba ta taɓa faɗin abin da ya wuce haka ba. In mun tambayi Baba yaushe za a cire ledar, sai ya ce, "Sai babban baƙo ya zo." Shugaban ma'aikatarsu ya zo. Surukai sun zo. Duk a kan leda suka zauna.

Ta yi jinyar masu zazzaɓi, ta haɗiye rimot ba adadi, ba ta taɓa tona asirin wanda ya yi kuka a kanta ba. Gefen hagu na Baba ne. Ƙarfe biyar na yamma yake dawowa daga aiki ya zauna, har wurin ya lotsa daidai jikinsa.

Na yi shekara tara a waje ina karatun tsara ɗakuna. A ta bakwai Baba ya rasu. Ina da jarrabawa, ban zo ba. Na dawo da takarda da ra'ayi, na kama sana'ar kallon bidiyon gidajen taurari ina ba su maki a intanet. Falon wani mawaƙi na ce shagon fitilu ne. Na wata 'yar fim, fari fat, kujera ɗaya da tukunyar fure, shi na ba tara cikin goma.

Wata rana ƙanwata ta ce, "Yaya Bature, kai mai rabon maki, namu falon nawa ya ci?"

Na ce biyu. Umma na bakin ƙofa, ta ji. 

Ciwon ajalin ya fara ne ranar da Umma ta tafi kasuwa. Ina son hoton falon da ba zai ba ni kunya ba. Na sauke kalanda, na kwashe furannin roba, na sa wa ledar almakashi. Yadin ya fito kore shar, kamar yau aka saƙa shi. Kwana goma sha ɗaya ya yi. Ya fara tsagewa, soso ya riƙa zubowa kamar gari. Mai gyaran kujeru ya danna da yatsa, yatsan ya shige.

Ya ce, "Yallaɓai, ai ledar ce ke riƙe da ita. Wa ya aike ka?"

Sai a ranar Umma ta yi magana. Ta ce, "Babanka ya ce ranar da ka dawo da takardarka, shi zai cire ledar da hannunsa, kai ka fara zama. Jira nake ka zauna in gaya maka. Da ka cire, ka zauna kuwa?"

Ban zauna ba. Hoto kawai na ɗauka.

Marigayiya ta bar teburin tsakiya, da ƙananan kujeru biyu, da Umma, wadda tun ranar ba ta sake taka falon ba. A ɗakinta take cin abinci, ledar na ninke a ƙarƙashin matashinta.

Akwai abu ɗaya da zan faɗa a taƙaice, don ni ba mai yarda da irin waɗannan abubuwa ba ne. Kujerar da ba leda ba ta yin ƙara. Amma ƙarfe biyar na yamma ina jin ƙiiƙ daga gefen hagu. Na duba fanka, na zuba wa ƙofa mai. Ƙanwata ma tana ji. Abin da ba mu taɓa ji ba shi ne fuu.

Za a yi sallama da ita ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a falon, inda kafinta zai zo ya wargaza ta. Na mayar da kalanda da furannin roba inda suke. Kafin ya sa guduma zan zauna a kanta, kuma Umma ta ce in da gaske nake za ta fito ta gani. A tsakiya zan zauna, gefen hagu da mutum. In ta karye da ni, kada kowa ya yi saurin ɗaga ni.

Sanarwa daga babban ɗan gidan.