Kulocin da ya kayar da Kawu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kai Kawu Bawa, yayan Inna, gaisuwar mutuwa Nasarawar Burkullu. Amininsa ne tun na ƙuruciya ya rasu, ni kuma na ce babu mai kai shi sai ni.

Gaskiyar magana, ba zumunci kaɗai ya sa na tsaya kai da fata ba. Babur ɗina ƙarami ne, irin wanda da ya hango tudu sai ya fara tari. A Gummi wani mai kayan gyara ya nuna mini kuloci, ba na kamfanin babur ɗin ba, ya ce in na sa shi ko buhun gero biyu na ɗora zai haye da su. Na saya, na kai wa Malam Isa bakanike a Bukkuyum. Ya jujjuya shi a hannu kafin ya ɗaura.

"Wanga ba ya da sannu-sannu," in ji shi. "Sai ka ba shi wuta sosai zai kama, in ya kama kuwa hizga yake. Ka gwada shi kai ɗai kwana biyu kahin ka ɗauki mutum."

Na ce masa shekarata tara ina tuƙi (ban faɗa masa sau nawa na sha ƙasa a cikinsu ba).

Washegari muka kama hanya. Sau biyu babur ya fizge mu, Kawu ya damƙe rigata. Shi yana tunanin amininsa, ni ina jin daɗin yadda muke haye tudu.

Muka yi gaisuwa, aka yi addu'a. Dattawa na zaune jugum a kan tabarmi. Da muka tashi tafiya Kawu ya hau baya, ya ɗaga hannu biyu yana sallamar mutane. Na murɗa, babur ya yi ƙara bai motsa ba, ga yashi a ƙofar gidan, ga idanu a kaina. Sai na ƙara masa wuta.

Ya zabura kamar an tsikare shi. Na ji ya yi sakayau, na ce a raina lallai kulocin nan ya cika. Har na wuce masallaci ina cewa, "Kawu, ka ji aiki ko?" Shiru. Na ɗauka alhini ne. Sai da na kai bakin gari na waiga, na ga babu Kawu a baya.

Da na dawo, 'ya'yan mamacin ne ke kakkaɓe masa riga, wani ya tsinto hularsa. Kawu na riƙe da wuyan hannunsa. Babu wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Na durƙusa a gaban Kawu.

"Tashi, ɗana," ya ce a hankali. "Tahi abinka. Na ga sauri kake."

Babban ɗan mamacin, wanda ya kamata ya zauna karɓar gaisuwa, shi ya mayar da shi gida. Targaɗe ne, sati uku Kawu na cin tuwo da cokali. Inna ta kwana biyu ba ta amsa gaisuwata.

Malam Isa ya mayar mini da tsohon kulocin, bai tambaye ni dalili ba (labari ya riga ni isa). Yanzu in na ɗauki mutum, na yi magana sau ɗaya bai amsa ba, tsayawa nake in duba.