Gilashin Injiniyan Ido

Duk wanda bai san Alhaji Haladu ba a yankin Dayi, asararsa ce. Shi ne shugaban ƙungiyarmu ta manoman masara, kuma tun ranar da ya tsaya a inuwa yana kallon ana zuba kankare a Funtua, ilimin gini ya shige shi gaba ɗaya. Ba ya awo da igiya, ido ɗaya yake kannewa. Muka raɗa masa Injiniyan Ido, shi kuwa ya ɗauka sarauta ce.

Shi ya dage a yi wa rumbun ƙungiya kubba ta kankare da rodi, don a hango ta daga titi. Ana gama loda masarar mutane, kubba ta tsage.

Aka kira injiniya ta gaske daga Malumfashi, Sakinatu. Ta hau tsani ta manna siraran gilasai a kan tsagar, ta ce, "Alhaji, in gilashi ya fashe, tsagar na buɗewa ke nan. A kira ni, a kwashe masara kafin damina."

Kwana tara gilasan suka fashe. Alhaji ya tara mu, ya gyara babbar riga. "Kun ga aikin 'yan boko? Ko gilashi mai ƙwari ba su iya zaɓa ba!" Ya sa aka liƙa mai kauri. Shi ma ya fashe. Nan basira ta motsa, ya yanko robar tayar babur ya manna. Wallahi ba ta fashe ba. Duk sanda Sakinatu ta bugo waya sai ya ce, "Hajiya, ko ƙwarzane babu. Ai na inganta miki na'urar." Roba na miƙewa, tsaga na hamma, ruwa ya sauka.

Bayan mako uku Mero, wata 'yar ƙungiyarmu da mijinta ya rasu, ta zo ɗaukar masararta, wadda ita ce abincin marayunta har kaka. Aka buɗe ƙofa. Buhuna sun yi kore shar, tsiro ya huda su ta ko'ina. Ni kaina sai da na ji ƙwalla.

Alhaji ya kanne ido ya dubi sama. "Gini lafiya lau yake. Ruwan bana ne bai bi ƙa'ida ba."

Mero ta juyo ta dube shi ta ce, "Alhaji, ajiya na kawo. Amma tunda ka shuka mini, ɗauko fartanya ka nome, sai ka je ka gaya wa yarana su jira ta nuna."