Yadda Za Ka Ba Da Aikin Shafin Intanet Ka Zama Mai Kama Kura

Kira ɗari biyu da sha huɗu cikin kwana tara. Abin da wani mai wankin kafet ya samu ke nan a watan jiya, a shagonsa da ke ƙarshen layin masu gyaran firji, bayan ya buɗe shafin intanet. A cikin masu kiran, babu ko mutum ɗaya da ya ambaci kafet. Idan ka bi matakan da ya bi, ina ba ka tabbacin wayarka ba za ta ƙara yin shiru ba.

1. Ka jira sai an kunyata ka

Kada ka nemi shafi cikin natsuwa. Shekara goma sha ɗaya Mai Kafet yana aiki da injin zuƙe ƙura guda biyu da allo a bakin ƙofa, bai taɓa jin ya rasa komai ba. Sai ya je neman kwangilar wani otal mai hawa huɗu, kowane hawa shimfiɗe da kafet.

"Turo mini adireshin shafinka kafin ƙarshen wata," in ji Manaja. "Mai wankin kafet na tsallaken titinku ya riga ya turo nasa."

"Ana ɗan gyara shi ne, ranka ya daɗe."

Yana sauka daga bene ya kira matarsa ya tambaye ta mene ne shafi.

2. Ka nemo gwani, don ka samu wanda za ka ƙi jin maganarsa

Watsi da shawarar ɗan koyo ba ya ƙara wa mutum girma. Sai ta gwani. Matar Mai Kafet ta haɗa shi da wata ƙawarta da kowa ke kira Injiniya, wadda ta gina wa makarantu da shaguna shafuka. Ta zo da kwamfutarta, ta ture wani naɗaɗɗen kafet ta zauna, ta tambaye shi me yake so shafin ya yi masa.

"Ina so ya fi na tsallake."

"Ta wane fanni, yallaɓai?"

"Ta kowane fanni. Shi nasa shuɗi ne. Nawa a sa duk launukan."

3. Ka tsaya kai da fata a kan suna

Nan ne gwanintar take, ka karanta da kyau. Sunan shagon Mai Kama Ƙura, kuma haka yake so adireshin ya kasance.

"Akwai matsala," in ji Injiniya. "Ƙ tana da ƙugiya. A adireshi ƙugiyar za ta faɗi, mutane su karanta mai kama kura. Mu sa mai wankin kafet."

"Malama, sunan nan mahaifina ne ya raɗa shi. Wane mai hankali ne zai ga mai kafet ya ce kura yake kamawa?"

"To aƙalla a sa hoton kafet a sama."

Ka lura da kalmar aƙalla. Duk lokacin da gwani ya furta ta, kana kan hanya. Ka ci gaba.

4. Ka sa hotonka, ka rubuta bayanin da kanka

Kafet ba ya murmushi, kai kana yi. Mai Kafet ya sa aka ɗauke shi tsaye a ƙofar shago, da safar hannu ta roba, ya naɗe mesar injin ya rataya a kafaɗa kamar igiya. Murmushin bai fito ba, rana ta hana. Bayanin kuwa a wayarsa ya rubuta, wadda ba ta da haruffa masu ƙugiya:

"Kura ta dame ka? Ko tana karkashin gado, ko bayan kujera, komai dadewarta a gidanka, za mu fitar da ita yaranka su yi barci lafiya."

Injiniya ta karanta sau biyu. "Bari in sa ƙugiyoyin."

"Kada ki taɓa mini harafi ɗaya. Aiki na ba ki, ba gyaran jarrabawa ba."

Ta sa ya maimaita wannan magana a rubuce, ta adana.

5. Ka amsa waya da ƙarfin gwiwa

Kiran farko na wani makiyayi ne. "Kai ne mai kama ta? Awakina uku ta ci."

"Awaki? A kan kafet kake kwantar da su?"

Na biyu ya tambayi ko ana sayar da 'ya'yanta. Wata malamar makaranta ta nemi izinin kawo 'yan aji huɗu su gani. Wani dattijo ya ce tasa surukarsa ce, ko ana yin irin wannan. Zuwa rana ta uku masu gyaran firji sun fara yi masa kukan kura duk lokacin da ya fito shanya. Na tsallaken titi ya tako da kansa ya yi masa murna, ya tambayi inda yake ajiye su.

A gida matarsa ta ajiye masa abinci ta ce, "Maigida, ka ci da kyau. Farauta sai da ƙarfi."

6. Ka dawo wurin gwani a makare

Ya kira Injiniya. Ta ce bayanin za a iya gyarawa cikin minti biyar, adireshin kuwa sai dai a sayi sabo. Sai dai tsohon yana kan katuna dubu da ya buga, da jikin motarsa, kuma shi ya riga ya tura wa Manaja tun ranar farko.

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

Ta turo masa hoton saƙonsa na hana ta taɓa ko harafi ɗaya.

Gargaɗi

Marubucin wannan jagora bai ɗauki alhakin cizo, yakushi, ko sabon laƙabin da zai bi ka har jikokinka ba. Tabbacin da aka bayar na yawan kira ne. Ba a yi maganar ciniki ba.

Shi kuwa Mai Kafet, Manaja ya amsa masa ranar Alhamis, ta wayar da ita ma ba ta da ƙugiya: "Na ga shafinka. Kai muke nema. Akwai kura a hawa na uku, baki sun fara gudu. Ka zo ranar Asabar da kayan aiki."

Ya kira otal ɗin sau huɗu, aka ce Manaja yana taro. Ya karanta saƙon ga matarsa, ga Injiniya, ga masu gyaran firji. Ƙuri'a ta rabu biyu. Zuwa lokacin haɗa wannan jagora, ya loda injin ɗaya a mota, ya kuma aro igiya.